Hangen dala ba shiga birni ba ne: albashi da bashin masu karatun gyaran magana da ji

Daren wata Juma'a ne a gidan yayana a Jidda. An idar da sallar isha'i ana shan shayi, sai babbar 'yarsa, wadda ta gama sakandare a bana, ta miƙo mini wayarta. "Baffa, don Allah duba wannan ka gaya wa Baba, ni ya ƙi yarda da ni." Lamba ce a kan wayar: dala 95,410 a shekara, matsakaicin albashin mai gyaran magana a Amurka. Kafin in buɗe baki uban ya jawo tasa wayar, ya ninka lambar sau 3.75, tunda haka canjin riyal yake tun 1986, ya raba gida goma sha biyu. Ya ɗago kai ya ce, "Kusan riyal dubu talatin a wata? Don koya wa yara faɗin ra da sin?"

Lambar ba ƙarya ba ce. Ofishin ƙididdigar ƙwadago na Amurka ne ya fitar da ita, ta watan Mayun 2024. Sai dai amsa ce ta wata tambaya daban, ba tambayar da ake yi a falon yayana ba, wato ko yarinyar ta karanci gyaran magana, a ina, kuma da wane kuɗi.

Zan shaidi yarinyar, ba kwaɗayin kuɗi ne ya fara jan ta ba. Ƙaninta ya kai shekara uku bai haɗa kalma biyu ba. A gida aka yi ta cewa nauyin baki ne, gado ne, zai buɗe. Wata tsohuwa ta ce a duba ko linzami ne a kira wanzami. Da aka gaji aka nemi maw'idi, wato ranar ganin likita, a asibiti, aka shigar da shi wani ɗan ɗaki mai ƙofa kamar ta firji, aka ɗora masa abin saurare a kunne, aka ajiye masa kwando da 'yan katakai: duk sanda ya ji ƙara ya jefa ɗaya. A nan aka gane ruwa ne ya taru a bayan dodon kunnensa, yana jin magana kamar wanda ya cusa kai a randa. Bayan an yi masa magani aka shiga zaryar jalsa, wato zaman koyon magana, sau biyu a mako, kuma ita ce mai raka shi. Ta ga yadda matar ke zaunar da shi gaban madubi, ta sa shi hura kumfar sabulu, ta ɓoye motar wasa a bayanta ta ƙi fito da ita sai ya ce "sayyara". Ranar da ya faɗa, yarinyar nan da kuka ta dawo gida.

Sana'o'i biyu ne ta gani a wannan asibiti, ko da yake a jami'a galibi tsangaya ɗaya suke fitowa. Akwai mai gyaran magana, wanda a nan ake ce wa akhsa'in takhaɗub. Shi ke kula da mai in'ina, da mai tsamin baki, da yaron da magana ta yi wa jinkiri, da malamin da muryarsa ta dishe ta ƙi dawowa, da dattijon da shanyewar ɓarin jiki ta ɗauke wa kalmomi. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne har haɗiya aikinsa ce: majinyacin da ruwa ke bi masa ta hanyar iska yana sarƙe shi, mai gyaran magana ake kira. Sai kuma mai auna ji, na ɓangaren sam'iyyat, wanda ke gwada kunnen jarirai, ya saita na'urar ji, ya daidaita wadda ake dasawa a cikin kunne, har da gwajin masu fama da jiri.

Buƙatar su ba ta buya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum miliyan 430 ne ke da raunin ji da ke buƙatar kulawa, kuma rahotonta na 2021 ya nuna kashi 93 cikin ɗari na ƙasashe matalauta ba su da ko mai auna ji ɗaya ga kowane mutum miliyan ɗaya. A nan Saudiyya, inda auren zumunci ya yi yawa kuma kurumtar gado ke bin wasu dangi, ana gwada jin jarirai tun a asibitin haihuwa, kuma Jami'ar Sarki Sa'ud da ke Riyad tana da babbar cibiyar dashen na'urar kunne mai sunan Sarki Abdullah. Kowane yaron da aka dasa wa na'ura yana buƙatar shekaru na jalsa kafin ƙarar da yake ji ta zama magana. Aiki dai akwai shi. Tambayar ita ce wa za a bari ya yi shi, da wace takarda, kuma bayan ya kashe nawa.

Mu fara da Amurkar, tunda daga can lambar ta fito. Wanda ya yi digirin farko na shekara huɗu a wannan fanni a can bai zama mai gyaran magana ba. Gada ce ya haye rabinta. Sai ya sami gurbin digiri na biyu, wanda ake gogoriyo a kansa, ya yi shekara biyu, ya cika awa 400 na aiki da majinyata ƙarƙashin kulawa, ya ci jarrabawar da ake kira Praxis, sannan ya yi aƙalla mako 36 na aikin sanin makama, awa 1,260. Bayan wannan ne ƙungiyar masu sana'ar, ASHA, wadda aka kafa tun 1925, za ta ba shi shaidarta, jihar da yake zaune kuma ta ba shi lasisi. Mai auna ji nasa ya fi tsawo: tun 2012 sai da digirin dakta na aikin asibiti, wanda yawanci shekara huɗu ne a kan huɗun farko. Abin mamaki, matsakaicin albashinsa a wannan ƙididdiga ta 2024 dala 92,120 ne. Ya fi ɗan'uwansa daɗewa a makaranta da shekara biyu, ya fi shi cin bashi, kuma yana ƙasa da shi a albashi.

Ita kalmar "matsakaici" ma sai an warware ta. A jera duk masu aikin sahu ɗaya, daga mai ƙaramin albashi zuwa mai babba, a taɓa kafaɗar wanda ya faɗo tsakiya: albashinsa ke nan. A cikin sahun akwai wadda ta fara jiya, akwai wadda ta shekara ashirin da biyar tana aiki. Sabuwar fita ba ta tsakiya, tana can baya. Wurin aiki ma yana raba su sosai. Masu aiki a gidajen kula da tsofaffi da asibitoci suna haura dala dubu ɗari, masu aiki a makarantu kuwa suna wajen dubu tamanin, kuma makarantun nan su ne suka ɗebi kaso mafi tsoka na masu gyaran magana. Sannan duk wannan kafin haraji ne. Mu da muka saba da Saudiyya, inda ba a cire harajin albashi, mukan manta cewa a can gwamnatin tarayya za ta yanka, yawancin jihohi su yanka, a ƙara cire kashi 7.65 na fansho da inshorar lafiyar tsufa, kafin a zo maganar haya.

Inda gizo ke saƙar shi ne jadawalin da iyaye ke cin karo da su a intanet, masu jera jami'o'i suna cewa ga abin da ɗaliban wannan fanni ke samu, ga bashin da suke fita da shi. Mafi yawansu daga rumbu ɗaya suke ɗiba, College Scorecard na ma'aikatar ilimin Amurka, wanda aka buɗe a 2015, aka fara rarraba shi fanni-fanni a 2019. Wanda ya duba layin digirin farko zai ga albashi ɗan mitsitsi, ya ce ashe karatun banza ne. Wanda ya duba layin digiri na biyu zai ga ya yi tsalle, ya ce ashe haƙar zinare ce. Duk su biyun jadawalin ya yaudare su ba tare da ya yi ƙarya ba.

Ga dalili. Rumbun yana ƙirga waɗanda suka gama, suke aiki, kuma ba su koma makaranta ba. To a wannan fanni, masu sa'a da ƙoƙari su ne suka wuce digiri na biyu kai tsaye, don haka ba sa cikin lissafin digirin farko. Waɗanda suka rage su ne masu aikin mataimaki a aji ko a asibiti, da masu jiran gurbi a shekara mai zuwa, da waɗanda suka bar fannin suka kama wani abu. Kamar mutum ya je tashar mota da azahar ya ƙirga direbobin da ke zaune a inuwa, ya ce ga abin da direba ke samu a yini, alhali masu lodi sun kama hanya tun asuba. Haka kuma bashin da ake nunawa na gwamnatin tarayya ne kaɗai, na wannan digirin a wannan jami'ar. Wanda aka ci a banki ba ya ciki. Bashin digirin farko ba a tara shi a kan na biyu a layi ɗaya. Kwas ɗin da ɗalibansa ba su da yawa kuwa ɓoye lambarsa ake yi don kada a gane mutum. Mafi muhimmanci gare mu: waɗanda suka karɓi tallafi ko rancen gwamnatin Amurka kaɗai ake ƙirgawa. Baƙo ba ya samun wannan rance, saboda haka babu ɗalibi irin 'yar yayana ko ɗaya a cikin jadawalin.

Shi bashin kansa, a digirin farko yana da linzami. Ɗalibin da ke ƙarƙashin iyayensa ba zai wuce dala 31,000 na rancen gwamnati ba a duk shekarun. A digiri na biyu ne ake sakin akala. Ana ba da dala 20,500 a shekara, kuma a 2006 aka fito da wani rance mai suna Grad PLUS da ke cike duk giɓin da ya rage, har kuɗin haya da abinci. Ruwan rancen dala 20,500 ɗin a zangon karatu na 2024 zuwa 2025 kashi 8.08 ne, na Grad PLUS kashi 9.08, kuma ruwan yana fara hawa tun ranar da aka ba da kuɗin, ɗaliba na aji tana karatu bashi na kiwo. Ga shi kuma shekaru biyun nan cike suke da aikin asibiti na koyo wanda yawanci ba a biya, ba ta da sararin neman na kanta.

Na yi wa yayana misali a bayan wata takardar kanti. A ce bashin duka dala 60,000 ne, ruwa kashi 8, za a biya cikin shekara goma. Kowane wata dala 728 ke nan, wato riyal 2,730. In an gama an biya sama da dala 87,000. Dubu ashirin da bakwai da ɗoriya ruwa ne zalla. Ba'amurkiya mai wannan bashi tana da 'yar ƙofar fita: wata doka ta 2007 ta ce wanda ya yi aiki da gwamnati ko ƙungiyar da ba ta neman riba, ya yi biya 120, wato shekara goma, za a yafe masa sauran. Wannan na cikin abin da ke riƙe wasu a makarantun gwamnati duk da ƙarancin albashin.

Yanzu kuma an sake lale. Dokar da aka sa wa hannu ranar 4 ga Yulin 2025 ta rufe Grad PLUS ga sababbin masu ci daga 1 ga Yulin 2026. Ta kasa ɗalibai gida biyu: masu karatun gaba da digiri na gama-gari, dala 20,500 a shekara, iyaka 100,000, da masu karatun da aka kira na ƙwararru, irin likita da lauya, dala 50,000 a shekara, iyaka 200,000. A jerin da ma'aikatar ilimi ta tsara a ƙarshen 2025, babu gyaran magana babu auna ji a rukunin ƙwararru, kuma ASHA ta yi ta ƙorafi a kai. Ana iya kallon abin ta fuska biyu. Wasu na cewa in aka ɗaure bakin jaka dole jami'o'i su sauke kuɗin makaranta. Wasu na cewa 'ya'yan talakawa ne za a tura hannun bankuna, inda ruwa ya fi zafi kuma babu yafiya. Ni na fi karkata ga na biyun, musamman ga mai auna ji da zai yi shekara huɗu.

To ina baƙuwa a duk wannan? Kafin a ba ta bizar karatu sai uban ya nuna yana da kuɗin shekara guda a ajiye. Jami'o'in jihohi suna cajin baƙo fiye da ɗan jiha, wani lokaci ninki biyu ko fiye. In za ta ci bashin banki, galibi sai ta sami mazaunin ƙasar da zai tsaya mata. In ta gama tana da izinin aiki na wata goma sha biyu, wanda shekarar sanin makama za ta cinye kusan duka, daga nan sai neman mai ɗaukar nauyin bizar aiki. Kuma sana'ar baki ce: za ta gyara wa ɗan Ba'amurke furucin Turancinsa, ita da ta koyi Turanci a aji. Ana yi, akwai waɗanda suka yi, amma ba abin da za a gina lissafin gida a kansa ba ne.

Ban ma kai ƙarshen wannan bayani ba yayana ya tsayar da ni tun a maganar ruwa. "Kashi takwas? A'uzu billahi. Da riba za ta fara rayuwa?" Ni ba malami ba ne, ba zan yi fatawa a nan ba. Amma duk wanda ke rubutu kan bashin ɗalibai don Musulmi ya tsallake wannan, bai san gidajenmu ba. A gidan yayana dai a nan maganar Amurka ta mutu.

Ingila ta ɗan bambanta, kuma ta fi kama da tsarin nan. Digirin farko ya isa mutum ya yi rajista da hukumar ma'aikatan lafiya ya fara aiki. A zangon 2025 ɗan ƙasa yana biyan fam 9,535 a shekara, da rance wanda ba a taɓa shi sai albashinsa ya haura fam 25,000, sannan a riƙa cire kashi 9 na abin da ya hau, bayan shekara 40 a share sauran. Ɗaliban gyaran magana suna samun tallafin fam 5,000 a shekara wanda ba bashi ba. A 2025 sabon ma'aikaci a asibitin gwamnati yana farawa da fam dubu talatin da ɗaya da 'yan kai. Albashin bai kai na Amurka ba, amma bashin ba mai hana barci ba ne. Duk wannan gata na ɗan gida ne. Baƙo kuɗin baƙi zai biya, a dunƙule.

Mu dawo gida, inda maganar take da nauyi. A Saudiyya wannan fanni ya daɗe a Jami'ar Sarki Sa'ud, akwai shi a Jami'ar Gimbiya Nura ta mata a Riyad, akwai shi a Darul Hikma a nan Jidda, wadda mai zaman kanta ce. Akwai kuma cibiyar magana da ji ta Jidda, JISH, da ke aiki tun 1993. Bayan digiri ana yin shekarar imtiyaz, wato ta sanin makama, a asibiti, sannan Hukumar Ƙwararrun Lafiya ta Saudiyya ta tantance mutum ta ba shi matsayi. Matakan su ne akhsa'i, wato ƙwararre, sai akhsa'i awwal ga mai digiri na biyu da gogewa, sai istishari a ƙoli. Wato a nan digirin farko gada ce cikakkiya, ba rabi ba. Wanda ya yi karatu a waje sai an binciki sahihancin takardunsa ta kamfanin DataFlow, ya zauna jarrabawa, kafin a ba shi rajista.

Amma Hausawan ƙasar nan ba layi ɗaya muke ba, kowa ya sani ko da ba a faɗa a taro. Akwai jikokin alhazan da suka zo a ƙafa ta Sudan tun kafin jirgi, suka zauna a Makka da Madina da Jidda, suka sami jinsiyya. 'Yar irin wannan gida, in makinta ya kai, za ta shiga jami'ar gwamnati kyauta, har a riƙa ba ta mukafa'a ta kusan riyal dubu a wata. Za ta fita ba bashin kowa, in ta yi fice ma gwamnati ta tura ta ƙaro karatu waje. A wurinta lissafin ba shi da wuya ko kaɗan: albashin nan bai kai na Amurka a takarda ba, amma babu haraji, babu mai bin ta sisi, tana kwana gidan ubanta.

Akwai kuma masu igama, wato takardar izinin zama, irin yayana, wanda ya shekara fiye da ashirin yana aiki a nan, aka haifi 'ya'yansa a nan, amma fasfonsu kore ne na Najeriya. Ana ba 'ya'yan mazauna gurbin tallafin karatu a jami'o'in gwamnati, amma guraben kaɗan ne, kuma fannonin lafiya su ne suka fi wuyar samu. Abin da ya rage shi ne jami'a mai zaman kanta, dubban riyal goma-goma kowace shekara, a kan riyal 400 da uban ke biya duk wata na kowane mutum da ke ƙarƙashinsa tun 2020. A da ana tura yara Khartum, yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 ya toshe wannan hanya. Sai Masar da Jodan, ko komawa gida. Bashin irin wannan iyali ba ya shiga kowane jadawali. Adashi ne aka ɗauka da wuri, gwal ɗin uwa ne aka kai kasuwa, fili ne a Kano aka sayar, ko ɗan'uwa ya ranta ba takarda ba wa'adi. Babu ruwa a kansa, amma bashi hanji ne, kuma na dangi ya fi na banki nauyi a wuya. Rukuni na uku, waɗanda ba su da takarda ko ɗaya, su tun a ƙofar sakandare maganar take tsayawa.

A ce ta gama ta sami rajista. Sai ta fuskanci sa'awada, wato tsarin fifita 'yan ƙasa a guraben aiki. Daga Afrilun 2025 an ɗaga kason 'yan ƙasa a asibitoci masu zaman kansu zuwa kashi 80 a gashin ƙashi da motsa gaɓoɓi, 80 a tsara abincin majinyata, 70 a ɗakin gwaje-gwaje, 65 a ɗaukar hoto, kuma aka ce sai albashin akhsa'i ɗan ƙasa ya kai riyal 7,000 kafin a ƙirga shi cikin kason. Gyaran magana ba ya cikin waɗannan huɗun. Amma in gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, ka san abin yi. Yarinyar da za ta shiga aji ɗaya a bana sai bayan shekara biyar za ta nemi aiki, kuma jami'o'in ƙasar suna yaye 'yan ƙasa a fannin kowace shekara. Wannan riyal 7,000 kuma ya fi dala 95,410 amfani ga mai lissafi a Jidda, domin yana nuna inda ƙasan tsani yake a sana'o'in da ke maƙwabtaka da wannan.

Wani tarko da na ga ya kama mutane: kwasa-kwasan takhaɗub na wata uku ko shida da ake tallata su a WhatsApp da Instagram, da takardar shaida mai tambari har uku. Mutum zai iya ƙaruwa da su, musamman uwa mai ɗa irin wannan. Amma kwas ba digiri ba ne, kuma hukumar tantancewa digiri take dubawa. Kafin a biya ko wace makaranta, a gida ko a waje, a fara tabbatarwa cewa ana karɓar takardarta a ƙasar da ake son yin aiki. A Najeriya ma akwai hukumar da ke yi wa masu wannan sana'a rajista tare da masu gashin ƙashi, kuma rancen ɗalibai na NELFUND da aka fara a 2024 ba shi da ruwa, amma na masu karatu a makarantun gwamnati na cikin ƙasar ne.

Akwai abu ɗaya da 'yar yayana ke da shi wanda babu jadawalin da ke sa masa farashi, kuma a ganina shi ne jarinta na gaskiya. Tana jin Hausa kamar 'yar Fagge, tana jin Larabcin Hijaz kamar 'yar Balad, tsohon garin Jidda. Wannan sana'a a cikin harshe take zaune. Likitan ƙashi zai ɗaura karayar Bahaushe ba tare da ya san "sannu" ba, mai gyaran magana kuwa bai isa ba. Katunan da ke jakar matar da ta kula da ƙaninta na Larabci ne da Turanci. Babu inda za su nuna ko yaro ya bambanta baki da baƙi, ko kara da ƙara, ko daka da ɗaka. Ba su san cewa wuya ta jiki da wuya ta wahala sautin murya ne kaɗai ya raba su ba, kuma yaron da aka dasa wa na'ura a kunne irin wannan hawa da saukar murya na cikin abin da ke ba shi wahala. Ta ɗaya ɓangaren, yaron da ya tashi da Hausa a ɗaki zai iya, in yana Larabci, ya sauya harafin ha mai ƙarfi da mai sauƙi, ya haɗiye ainun, a rubuta masa lalurar furuci alhali bakin gidansu ne kawai. Sai kuma shawarar nan da ake yawan ba iyaye, wai a daina yi wa yaro Hausa don kada a rikita shi. Masana fannin sun daɗe da nuna cewa harshe biyu ba ya jawo jinkirin magana. Abin da shawarar ke haifarwa shi ne yaro da kakarsa su zauna a tabarma ɗaya ba mai ce wa wani komai.

Ka tuna kuma da dattijon da ya zo Umara daga Katsina ko Maradi, jini ya hau, ya farka a gadon asibiti a Makka magana ta ɗauke. Wanda zai gane ko yana fahimtar abin da ake faɗa, ko kalmar ce ta ɓace masa, ko harshen ne ya ƙi juyawa, dole ya yi masa tambaya da Hausa. Ko a Amurka, inda sana'ar ta fi ko'ina kafuwa, waɗanda ke iya aiki da harshe fiye da ɗaya ba su kai kashi 10 cikin ɗari na 'yan ƙungiyar ASHA ba. Matsalar ita ce har yanzu babu mai biyan ƙarin riyal ɗaya don ma'aikaciya ta iya Hausa. Amfanin a fili yake, kasuwar ce ba ta gan shi ba tukuna, kuma ba zan yi wa yarinya alkawarin za ta gani ba.

Da dare ya yi nisa uban ya ce zai tambayi kuɗin jami'ar nan ta Jidda, ya kuma kira wani abokinsa a Amman. Ita kuma na ba ta aiki: ta nemi mata biyu masu wannan sana'a, ɗaya 'yar ƙasa ɗaya mai igama, ta tambaye su nawa suka fara ɗauka, wata nawa suka zauna kafin su sami aiki, kuma jalsa nawa suke yi a yini. Ta ce matar da ta kula da ƙaninta tana nan a wayarta.

Ina neman takalmina a bakin ƙofa na jiyo ta a tsakar falo ta tsugunna gaban yaron, wanda ya ƙi barci. Ta nuna leɓenta ta ce, "Mene ne wannan?" Ya ce, "Baki." Ta nuna ni ta ce, "Su Baffa in sun zo gidanmu, su wane ne?" Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "Baffa ne." Uban ya fashe da dariya har shayi ya sarƙe shi.